Jiƙaƙƙiyar Igiyar Yaya Cindo

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ruwa bai kafa masa turke ba, Ya saki iska bai sa mata takunkumi ba, Ya ba ɗan Adam tafin hannu biyu kacal Ya ce ya nemi abincinsa a tsakaninsu. Ku gyara zama, ya ku masu sauraro. Ni ne Ranau ɗan Ajuji, mutumin Tudun Ƙishirwa a ƙasar Zangarma, kuma abin da zan faɗa muku a jikina ya faru.

Gidanmu gidan masu haƙar rijiya ne kaka da kakanni. Ɗaya ya shiga rami, ɗaya ya tsaya a baki da igiya ɗaure a ƙugu. Na ƙasa ba ya kira da baki, don rijiya mai gaba talatin cinye murya take yi, sai dai ya ja igiya. Ja ɗaya, dakata. Ja biyu, ƙaro igiya. Ja uku, fitar da ni. Muna da wani ƙulli da muke kira ƙullin kaka, wanda nauyi ba ya zame shi, ruwa ba ya sassauta shi, kuma ba mai iya kwance shi sai ɗan gida, shi ma sai igiya ta yi sako-sako. Kafin a koya wa yaro alwala a gidanmu an riga an koya masa cewa ba a sakin igiya.

Sau ɗaya tak ake karya wannan doka. In rijiya ta rufta da mutum, aka yi tono har aka fid da rai, sai wanda ya fi kusa da shi ya sakar masa igiyarsa, a rufe baki, ramin ya zama kabarinsa. Haka aka yi wa mahaifinmu ina goye. Mahaifiyarmu, Inna Yalwa, ba ta taɓa ba mu labarin ranar ba. Akwai wani farin tabo da ya ratsa tafin hannunta na dama, na tashi ina ganinsa ban taɓa tambaya ba, kamar yadda yaro ba ya tambayar tsagar fuskar uwarsa.

Da rijiyoyin ƙasarmu suka fara ƙafewa, sai muka ji labarin wasu malamai a ƙetaren Tekun Tagulla masu kafa kunne a ƙasa su ji inda ruwa yake kwance. Ni da yayana Cindo, wanda aka haifa da yatsa shida a kowane hannu, muka ɗaura niyya. Idon Inna ya riga ya fara dushewa a lokacin. Ta shafa kawunanmu a bakin zaure ta ce, “Zan jira ku damina bakwai. Ban yi muku alkawarin ta takwas ba.”

Shekara huɗu muka ci tsakanin tafiya da karatu. Muka ratsa hamadar da rairayinta ke kuka in an taka shi, muka zauna a gaban malaman nan har kunnenmu ya buɗe, sannan muka samu wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Shamuwa don komawa gida. Jirgin yana da jigo ɗaya a tsaye, da wani babban ƙyalle da iska ke turawa, wanda mutanen gaɓar ke kira mayafi. A kusurwar mayafin ta ƙasa akwai igiyoyi biyu, ta dama da ta hagu, suna kiransu linzami, don da su ake ja wa iska baki ko a sakar mata. Matuƙan gaɓar suka gargaɗe mu cewa iskar komawa kwana bakwai kawai take yi a shekara, kuma dole mu bi ta wata matsatsiyar mashiga tsakanin duwatsu biyu da ake kira Maƙoshi. Suka ce kome gajiya kada mu ɗaure linzami a turke, mu naɗa sau ɗaya mu riƙe jelar a hannu. Na ce to, amma a raina dariya nake yi. Me za su koya mini game da igiya, mutanen da ba su taɓa rataya ran ɗan'uwansu a jikinta ba?

Mun shiga Maƙoshi rana tsaka, ruwa lumui. Tafin Yaya Cindo duk ya yi kanta ya fashe saboda riƙon linzamin hagu tun safe. Tausayi ya kama ni, na karɓa na ɗaure a turke da ƙullin kaka, na ce ya zo mu ci abinci. Lomarmu ta uku ke nan iska ta faɗo daga kan dutse kamar an tunkuɗo bango. Mayafi ya cika, igiya ta ɗame, jirgi ya kwanta a gefensa. Yaya ya yi tsalle kan ƙullin yana ƙoƙarin kwancewa, amma ƙullin kaka ya yi abin da aka san shi da shi. Igiyar ruwa ta zo ta ɗauke shi da jelar linzamin a hannu. Na ji ja uku, na ja da iyakar ƙarfina, igiya ta taho ba kowa a jikinta. Yagewar mayafi ce ta ɗago jirgin, ba dabarata ba, ruwa ya mai da ni gaɓar da muka baro.

Tun daga ranar linzamin hagu bai sake bushewa ba. Na shanya shi a kan dutse mai ƙona ƙafa, na rataye shi bisa murhu kwana uku, yana nan yana ɗiga. Kuma kullum in rana ta take tsaka sai ya motsa, ja uku, a hankali, irin jan Yaya, wanda ba ya fizga ko da ƙasa na zubo masa a ka. Nakan bar abin da nake yi in ruga in ja. Ban taɓa fasawa ba ko sau ɗaya, ban kuma taɓa samun kome a ƙarshenta ba sai ruwa mai sanyin rijiya. Sau biyu na ɗinke mayafi na bi iskar komawa, sau biyu linzamin hagu yana ɗamewa da kansa a tsakiyar Maƙoshi, ya juya kan jirgi, mu yi ta kewaya wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke har iskar ta ƙare. Da shekara ta bakwai ta kama, tsoro ya shige ni na gaske. In wannan iskar ta wuce ni, Inna za ta mutu tana jiran 'ya'ya biyu, ba wanda zai gaya mata inda ɗaya ya kwanta.

Wani tsohon matuƙi ya ce in tafi Tsibirin Matufka in sauya linzami. Na isa saura kwana tara iska ta tashi. Tsibiri ne da ba a shuka kome a cikinsa sai rama da auduga, tituna duk dogaye ne miƙaƙƙu saboda tufka, kuma ba a ciniki da kuɗi. Da abin da hannunka ya iya kake biya, in kuwa ka bayar ya bar ka har abada. A bakin kasuwa na ga wani makaɗi da ya biya da kiɗansa, yana zaune da kalangu a cinya yana kallon yatsunsa kamar na aro.

Wani dillali mai haƙorin azurfa ya tare ni, ya shimfiɗa mini hajarsa. Ga igiyar saƙar gizo-gizon dutse, siririya kamar tsarkiya, wadda za ta yanka tafin mutum kafin ta tsinke. Ga ta fatar dorina, mai kaurin damtse. Sannan ya fito da wata baƙa mai sheƙi, ya ce da gashin 'yan ruwa aka tufka ta, ita ke ɗaure kanta ba sai ka wahala ba. Ina kai hannu ta naɗe mini wuyan hannu, dillali ya washe baki ya ce dokar kasuwa ita ce wanda ta kama ya saya. Na lura ina ja tana ƙara shaƙewa, irin na zargen kama zomo. Sai na daina ja, na matsa kusa da ita, na fara yi wa dillalin hirar tsadar gishiri kamar ba abin da ya dame ni. Da ta ji ba gardama ta yi laushi, na zare hannuna na sa a aljihu, na yi masa sai an jima.

A ƙarshen titin na samu wata tsohuwa, Iya Barmani, tana murza zare a cinya. Ba ta ɗago kai ba ta ce, “Ɗan tudu, wace iri kake nema?”

Na ce, “Wadda ba ta tsinkewa, Iya.”

Ta ajiye zaren ta dube ni. “Duk wanda ya zo mini da wannan magana akwai wanda ya baro a ruwa. Wa ka baro?”

Shekara uku ban faɗa wa kowa ba, amma na zauna a tabarmarta na faɗa mata duka, har da ƙullin. Ba ta yi mini ta'aziyya ba, ba ta kuma zarge ni ba. Cewa ta yi in buɗe hannuna. Ta yi ta ɗora mini igiyoyi a tafi ɗaya bayan ɗaya tana cewa in dunƙule. Wadda yatsuna suka nutse a tafi ta ce ta yi siriri, za ta yanke ni. Wadda yatsun suka kasa haɗuwa ta ce ta yi kauri, hannu zai gaji kafin azahar, kuma gajiyayyen hannu shi ke neman turke. Da muka samu daidai, mai cikin rama da bayan auduga, sai ta rataya mata dutsen niƙa don in ga ba ta miƙewa, ta tsoma ta a ruwan gishiri ta sa na sake damƙa don in ji ba ta santsi. Ni dai idona na kan ta fatar dorinar nan, na ce ai waccan ta fi ƙarfi. Ta ce in shanu zan ɗaure in koma wurin dillali.

Ta auna tsawon Shamuwa sau biyu da rabi ga kowane linzami, ta rina na hagu ja ta bar na dama fari, don in ido ya ruɗe launi ya tuna wa hannu. Ta naɗe bakunansu da zare ta shafe da ƙaro kada su warware. Washegari muka gangara wurin jirgi. Kowane linzami yana bi ta cikin zobban katako huɗu da wani rami a gefen jirgi kafin ya iso wurin zaman matuƙi, na kuwa kai hannu zan zare tsohon in yar. Ta buge mini hannu. Ta ce ba a zare tsohon linzami a bar hanya ba kowa, don sabon bai san ta ba. Ta ba ni allura ta sa na ɗinke bakin sabon da bakin tsohon, baki da baki ba tudu, sannan in ja tsohon a hankali daga ɗaya gefen.

Na dama ya wuce ba wahala. Da na kama na hagu, sanyinsa ya ratsa ni har haƙori. Na fara ja, jar igiya tana bin jiƙaƙƙiya, zobe bayan zobe, ba ta maƙale ko sau ɗaya ba. Sai na tuna ranar da aka fara sa ni a rijiya, Yaya yana gaba ina bin ƙafarsa, yana nuna mini inda zan taka. Na yi kuka a wurin, ban ɓoye ba. Iya ta jira na gama, sannan ta miƙo wuƙa ta ce in yanke ɗinkin.

Akwai wata tsohuwar kuka a bayan tsibirin da ake rataya igiyoyin waɗanda ruwa ya ci. Iya ta ce in kai ta Yaya can, ni kaɗai, in dawo in biya ta. Na tarar da ɗaruruwansu a rassan, duk suna ɗiga, har tafki ya taru a gindin. Rana ta take tsaka ina tsaye, sai itacen gaba ɗaya ya fara motsi ba iska, kowace igiya da irin janta, ba mai amsawa. Ta hannuna ita ma ta ja uku. Na dubi reshen, na ce wallahi ba zan bar ɗan uwata yana kira a nan ba kowa a bakin rami ba. Na ɗaga riga na naɗe ta a ƙuguna kamar yadda mai tsaron baki ke yi, na ɗaure da ƙullin kaka, na tsoma tsohon linzamin dama a tafkin na rataya shi a madadinta.

Da na dawo Iya ta ce ladanta ƙullin kaka ne, ɗaurinsa da kwancensa. Da shi na ɗaure igiyar a ƙuguna, amma ba halin in ce a'a ba tare da na tona kaina ba. Na nuna mata a kan guntun zare, kuma ina gamawa yatsuna suka manta shi sarai, kamar ban taɓa sani ba. Ta bi sawuna da ido, inda ruwa ya ɗiɗɗiga daga bakin rigata. Ta ce, “Ruwa ba ya tsami banza, ɗan nan. Ka dai ajiye wuƙarka inda hannu zai kai.”

Ranar farko ta iskar komawa na tashi. Sabbin linzamai suna gudu a zobba kamar an shafa musu mai, na naɗa na hagu sau ɗaya a turke na riƙe jelar. Shamuwa ba ta taɓa tafiya haka ba. Na shiga Maƙoshi rana tana dab da tsaka, duwatsun nan biyu sun rufe ni dama da hagu, ba tsuntsu, ba motsin kifi. Sai na ji sanyi yana zagaya cikina. Bakin tsohuwar igiya ya zamo daga ƙarƙashin rigata, ya bi gefen jirgi, ya shiga ruwa ba ƙara. Ya yi ta tafiya har ta ɗame.

Aka ja uku. Wannan karon da nauyi, nauyin mutum, kuma na san nauyin, don shekara goma sha biyu ina ɗaukarsa a ƙuguna. Na leƙa. Ruwan garau yake, can ƙasa kamar gaba biyar na ga hannu riƙe da igiyar, na ƙirga yatsun shida. Na ce, “Yaya, ga ni,” na fara ja da hannun dama, hagu na riƙe da jan linzami. Ina ja ba ya matsowa, sai ni nake matsawa. Daidai nan na ji kukan iska tana gangarowa daga kan dutse. Mayafi ya cika, jirgi ya fara kwanciya ta gefen da ake ja na, ruwa ya fara shigowa ta baki.

Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, ni kuwa igiya biyu na kama, kowace tana neman raina. Na buɗe hannun hagu. Jan linzami ya yi ta gudu a zobbansa huɗu ba gardama, mayafi ya saki iska yana kaɗawa, jirgi ya ɗago kaɗan. Amma ƙuguna yana kan bakin jirgi, rabin jikina a waje. Na lalubi ƙullin, yatsuna suka yi ta yawo a kansa kamar baƙi. Na zaro wuƙa na yanke naɗin, kuma ina yankewa hannun damana ya cafke jelar da kansa, don abin da aka haife shi a kai ke nan. Igiya tana gudu a tafina tana cin nama, ni ina ƙara damƙewa. Aka sake ja uku, a hankali, ba fizga. Na ce, “Yaya Cindo, rijiya ta rufta. Ni na ɗaura ƙullin, ka yafe mini. Zan je in gaya wa Inna.” Sannan na buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

Na ga igiyar tana nutsewa tana lanƙwasa har ta ɓace. Na jawo jan linzami da hannun da ya rage, iska ta ɗauke ni ta fitar da ni daga Maƙoshi. Washegari da rana ta take tsaka na zauna ina jira, ba abin da ya motsa, kuma shirun ya fi mini jan ciwo.

Na isa Tudun Ƙishirwa hadarin farko na damina ta bakwai yana haɗuwa. Inna tana zaune a bakin zaure, ta rame, idon ya tafi gaba ɗaya. Ta ji takuna ta karkata kai tana sauraron na biyu. Ta daɗe tana saurare. Na durƙusa na faɗa mata kome, ban rage ƙullin ba, ban rage shekara ukun ba. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da za ta ce.

Ta ce, “Shekara uku ka bar shi a rataye cikin sanyi?”

Na ce, “Na kasa saki, Inna.”

Ta ce in kawo hannuna. Ta bi tabon da yatsa tun daga gindin manuni har gefen tafi, sannan ta buɗe nata hannun na dama ta kifa a kan nawa, tabo a kan tabo.

Ta ce, “Ni kwana uku na yi a bakin ramin ubanku, ana ja ina ji. Tashi ka kira liman, a yi wa yayanka addu'a.”

A nan hikayata ta kai bakin igiyarta. Na haƙa rijiya goma sha ɗaya bayan wannan, dukkansu da aron ƙullin maƙwabta, kuma har yau in rana ta take tsaka nakan tarar da hannuna a dunƙule, sai in buɗe shi.